Ruwan Jos: a lissafa mana wanda ya iso gida

Duk sanda gwamnati ko ɗan majalisa zai ba da bahasin kuɗin da aka kashe a harkar ruwa, adadin rijiyoyin burtsatse da aka ƙaddamar ake karanto mana. Masu nazarin tattalin arzikin ruwa ba da wannan suke auna aiki ba. Abin da suke tambaya shi ne lita nawa ke isa gida a kullum, a kan nawa, kuma shekara nawa aikin zai yi yana bayarwa.

Mu fara da aljihun magidanci a Unguwar Rogo ko Gangare. Mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta wa mutum ɗaya shi ne lita 20 a rana. Gida mai mutum shida na buƙatar lita 120, wato kusan jarka biyar mai lita 25. Mu ƙaddara ɗan garuwa na sayar da jarka naira 100. Naira 500 ke nan a rana, 15,000 a wata. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, fiye da kashi 20 cikin ɗari ya tafi a ruwa kaɗai, alhali ma'aunin da hukumomin raya ƙasa ke amfani da shi bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Wanda ke son gwada farashin garuwa da na hukumar ruwa, ya ninka kuɗin jarka sau 40, ya sami farashin lita dubu, sannan ya duba takardar biyan kuɗin maƙwabcinsa mai famfo. Talakan da bututu bai kai unguwarsa ba shi ya fi kowa sayen ruwa da tsada, kuma wannan abu yana ci mini rai.

Ban da kuɗin jarka, akwai lokacin da mata da yara ke ɓatawa a layin famfo, da makarantar da ake makara, da kuɗin asibiti idan taifot ko kwalara ta shigo gida. Da aka haɗa irin waɗannan a wani nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2012, an samu cewa kowace dala ɗaya da aka zuba a ruwan sha da tsaftar muhalli tana dawo da wajen dala huɗu.

Sai dai ribar tana zuwa ne idan ruwan ya ci gaba da zuba. Nan ne burtsatse ke ba mu kunya. Ƙasar Jos dutse ce, ruwan ƙarƙashinta a tsagogin dutse yake maƙale. Idan ba a yi awon ƙasa kafin haƙa ba, ba a kuma gwada jan ruwa na tsawon awanni don sanin ƙarfin rijiyar ba, sai a saka injin da ya fi ƙarfinta. Rani na tsananta a Maris, ruwa ya ja baya, injin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Babu wanda aka ɗora wa gyara, babu asusun da ake tara ko naira goma a kan jarka. Kuɗin haƙa kawai aka sa a kasafi, aka manta da na shekara ashirin masu zuwa.

Ruwan famfo ma haka. Madatsun Lamingo da Shen suna tara ruwa, amma kafin ya hau tuddan Jos sai an sayi alam da kulorin, an biya wuta ko dizal. Ruwan da ya zube a fasasshen bututu, ko aka ja ta haramtacciyar hanya, duk an riga an kashe masa wannan kuɗi. Kuma bututun da ke samun ruwa yau ya bushe gobe yana zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage, shi ya sa ruwan farko yake zuwa da datti.

Ana iya gyarawa. A 1993, hukumar ruwa ta Funom Fen, babban birnin Kambodiya, tana asarar kusan kashi 72 cikin ɗari na ruwanta. Ta sauya tsofaffin bututu, ta sa mita a kowane gida, ta tilasta wa manya da ma'aikatun gwamnati biyan kuɗi, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10.

Filato na cikin jihohi bakwai na farko na SURWASH, shirin samar da ruwan sha da tsaftar muhalli da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021, wanda ake sakin kuɗinsa bayan an tantance sakamako. Rance ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Don haka muna da hakkin neman a riƙa wallafa awa nawa kowace unguwa ta samu ruwa a mako, da yawan wanda ya salwanta a hanya. Tallafi kuma a karkatar da shi zuwa kuɗin jona bututu, a bar magidanci ya biya kaɗan-kaɗan tare da kuɗin wata, domin wannan dunƙulen kuɗi na farko shi ke hana gidaje da yawa jona ruwan famfo.