Muzurun Maigida

Maigida: Likita, muzuru nake so. Namiji. Gidana ba ya ɗaukar kyanwa mai shagwaɓa.

Likita: Alhaji, halin kyanwa ba daga nan yake ba. Abin dubawa shi ne ko an saba ɗaukarta a hannu tun tana mako 2 zuwa 7, sai kuma halin ubanta. In uban mai sakin jiki da mutane ne, 'ya'yan ma kan saki jiki.

Maigida: Kin ji ko, Hajiya? Uba! Daga uba hali yake.

Uwargida: Na ji. Allah ya shirya mana yaranmu.

Likita: Sai dai muzurun da ba a fiɗiye ba yana da aiki. Ya fesa fitsari a bango, ya tafi yawon dare, ya dawo da asuba kunne a yage.

Uwargida: Kuma ya nemi abinci?

Likita: Har da tsawa.

Uwargida: To muna da irinsa. A ba mu wani abu daban.

Likita: In an fiɗiye shi, yawon da faɗan duk sukan ragu.

Maigida: A fiɗiye wa? A gidana? (Nan ya gyara zama, ya haɗe ƙafafu, alhali ba da shi ake ba.) Ga wancan, mai fari da baƙi da ja. Dubi ƙirji! Dubi kallo! Na sa masa Barde.

Likita: Alhaji, mai launi uku kusan kullum mace ce. Gadon launin haka yake.

Maigida: Ka ce kusan. To nawa shi ne kusan ɗin. Ni da nake gane namiji tun daga tafiyarsa?

Likita: Bari in ɗaga wutsiyar mu gani.

Maigida: Kada ka ci mutuncin Barde a gaban mata.

Aka tafi da Barde. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, kuma Barde bai saɓa lissafi ba.

Uwargida: Malam, taso. Bardenka ya sauka lafiya a cikin akwatin rigunanka. Huɗu ne.

Maigida: (ya daɗe yana leƙe) Na maƙwabta ne. Riƙo aka ba shi.

Uwargida: Shayarwa fa yake yi.

Maigida: To ke kin taɓa ganin muzurun da ya kai wannan sanin ya kamata? Kira min likitan nan, ya zo ya ga namijin duniya.