Yadda agogon Gwaggo ya je Baitalami

Waɗanda suka je coci daren 24 ga Disamba sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba kuma Baban Tagwaye ya tura musu bidiyon. Saboda haka ba sabon labari zan ba ku ba, so nake kawai a ji ta bakina.

Kun san agogon. Wanda Gwaggo ta kawo mana Kirsimetin bara, mai siffar ɗan gida, da tsuntsu da ke leƙowa ta taga duk awa. Ƙarfe ɗaya kuka ɗaya, ƙarfe sha biyu kuka sha biyu. Na zauna na lissafa, sau 156 ke nan a kwana guda. Gwaggo ta ce irin na Jamus ne. To, na Jamus da katako ake sassaƙa su, namu kuwa roba ne, kuma abin da ke fitowa daga bakin tsuntsun kamar an taka wutsiyar kyanwa. Lokacin Auta ba ta cika shekara biyu ba, duk kukan da tsuntsu ya yi sai ta amsa masa. Kwana uku na jure. A dare na huɗu, sha biyu saura minti ɗaya, na taka kujera na sauke shi, na zare batir, na mayar da shi kwalinsa, na cilla saman wadirob.

Cikin Janairu Gwaggo ta zo. Ko zama ba ta yi ba idonta ya sauka kan ƙusa. Ni kuma bakina ya riga hankalina.

"Yara ne, Gwaggo. Babban ne ya buga ƙwallo a falo."

Babban ɗan nawa, wanda muke kira Lauya, yana tsaye a wurin. Ya buɗe baki, na zare masa ido, ya rufe. Tun daga ranar Gwaggo ba ta sake kiransa da sunansa ba, sai "mai fasa agogo". Maman yara kuwa cewa ta yi ba ruwanta, wanda ya haƙa ramin shi ya san zurfinsa.

Sai ga Disamba. Malamar Sande Sukul ta raba wa yara matsayi a wasan haihuwar Yesu. Lauya ya samu ɗaya daga cikin masana taurari, 'yar tsakiya mala'ika, Auta tunkiya. Kada ku tambaye ni yadda aka yi masana suka zama bakwai. Ni ma na tambaya, Malama ta buɗe min Matiyu sura 2 ta ce in nuna mata inda aka rubuta uku. Babu. Kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur, daga nan mutane suka ɗauka su ma masu kawowar uku ne. Har ta ƙara min da cewa akwai ikilisiyoyin gabas da ke ƙirga su goma sha biyu, don haka in gode Allah ta tsaya a bakwai. Gaskiyar magana ita ce iyaye bakwai ne suka ce 'ya'yansu ba za su sake yin jaki ba. Amma wannan ilimin nata bai taɓa kai ta ga binciken shekarun Yusufu ba, wanda ɗanta ke yi shekara uku a jere, yaron da ya fi ta tsawo, muryarsa har ta fara fashewa. Na dai yi shiru, tunda ba ɗana aka hana ba.

Wanda ake cewa ya fara shirya irin wannan abin, Faransis na Asisi, a 1223 ya yi nasa a wani ƙauye na Italiya, da sa da jaki na gaske. Ni dai yanzu na gane dalilinsa. Jaki ba ya riƙe makirufo.

Dole in dawo kan Baban Tagwaye, don da ba shi babu abin da zai faru. Mazan cocinmu kan jefa sunaye a hula, kowa ya zari wanda zai yi wa kyauta. Bara shi ya zari sunana. Kun san abin da ya ba ni? Kalanda. Ba ta shekara mai zuwa ba, ta shekarar da saura kwana shida ta ƙare. Ya naɗe ta da kyau har da zare, ya tsaya a kaina sai da na buɗe, yana cewa hotunan ciki ne abin dubawa. Mutumin nan kuma tsanina yana gidansa tun watan Afrilu. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce ai gida ɗaya ne, duk sanda nake bukata in aiko. In aiko in ari tsanina. To bana da na zura hannu a hula na ga sunansa, sai na ji kamar daga sama aka amsa min addu'a. Na sauko da agogo, na goge ƙura, na sa sabon batir, na soka ɗan guntun takarda tsakanin batir da ƙarfen kamar yadda sababbin kaya ke zuwa, na naɗe da takarda mai ruwan zinariya, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Har ina hango tagwayen suna tashi sau sha biyu a tsakar dare. Allah ya gafarta min, na ji daɗi.

Abin da ban sani ba shi ne Maman yara ta yi amfani da ragowar takardar ta naɗe wani kwali marar komai, wanda Lauya zai riƙe a wasa, ta kuma ajiye shi a saman wadirob ɗin, don nan ne kaɗai hannun Auta ba ya kaiwa.

Ranar wasan Maman yara ta riga mu fita saboda tana cikin mawaƙa, ta bar ni da mutum uku. Fiffiken mala'ika ɗaya ya karye. Tunkiya ta cinye rabin audugarta. Tawul ɗin da na naɗa wa masani ya warware sau huɗu. Muna bakin ƙofa ya tuna da zinariyarsa, na koma da gudu na miƙa hannu na sauko da abin da ya fara zuwa.

"Baba, da nauyi fa."

"Zinariya ce, dole ta yi nauyi. Wuce mu tafi."

Ni na faɗi wannan da bakina.

Gwaggo tana layin gaba, inda take zama tun kafin a haife ni. Ni ina layi na huɗu. Baban Tagwaye yana tsaye a gefe da wayarsa a sama, kamar kullum, ya tare wa mutum biyar gani. Komai ya tafi daidai da farko. Jibra'ilu ya manta maganarsa aka tuna masa, mai masauki ya ce babu wuri, makiyaya suka ji tsoro fiye da yadda aka koya musu. A cikin komin kuwa bana jariri ne na gaske, ɗan wata uku, yana barcinsa. Sai masana suka shigo a jere, su bakwai, uku da zinariya, biyu da lubban, biyu da mur. Lauya ne a gaba. Aka miƙa masa makirufo, ya ce ya ga tauraro a gabas, ya kawo zinariya, ya durƙusa ya ajiye. Har na fara tafi.

A littafi makiyaya suna cikin Luka, masana suna cikin Matiyu, ba a ce sun haɗu ba. Da an bi wannan da Auta ba ta kan dandamali a lokacin. Yarinyar da aka yi mako biyu ana ce mata kada ta taɓa duk wani abu da aka naɗe sai Kirsimeti ta zo. Ta duba ta ga fitilu, ta ga mutane sun yi ado, ta yanke hukuncin cewa Kirsimeti ta zo. Ta bar garke, ta rarrafo, ta kama takardar da hannu biyu. Malama ta taso, amma kafin ta iso kwali ya kife, agogo ya zamo ya bugi ƙafar komi.

Na gane shi tun kafin ya gama faɗuwa. Cikina ya ɗuri ruwa. Na ce a raina ba komai, daga nesa agogo agogo ne, idon Gwaggo ma ba kamar da ba.

Lauya ya kalli agogon. Ya sunkuya ya ɗaga shi, ya juya gaba, ya juya baya, kamar mai saye. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Kuma makirufo na hannunsa har yanzu, babu wanda ya tuna ya karɓa.

"Gwaggo! Gwaggo, kin gani? Bai fashe ba!"

Ta lasifika huɗu. Har waɗanda ke waje da jarirai sun ji.

"Na ce miki ba ni ba ne! Baba ne ya ɓoye, ya ce kukansa kamar na kyanwa!"

Cocin ya yi tsit. Irin shirun da za ka ji fanka tana juyawa. A cikin shirun nan ne na ji wani abu ta makirufo: cak, cak, cak. Guntun takardata ta fice wurin faɗuwa. Kuma kun tuna inda na tsayar da hannun agogon bara.

Taga ta buɗe.

Kuka na farko, kowa ya zabura. Na biyu, jaririn cikin komi ya farka. Na uku, ya fara tsala ihu, Maryamu ta ɗaga hannu sama tana neman uwarsa da ido. Na huɗu, Hirudus, wanda ya kamata a ce yana bayan labule, ya faɗo daga kujerarsa don dariya. Na biyar da na shida ban san abin da ya faru ba, ina kallon igiyar takalmina. Na bakwai na ɗago na haɗa ido da Maman yara a cikin mawaƙa, ta rufe fuska da littafin waƙa, kafaɗunta na rawa. Matar da muka yi alkawarin daɗi da wuya. Na takwas, Auta ta fara amsa wa tsuntsun, ta gane tsohon abokinta. Na tara, Yusufu ya yi ƙoƙarin danne tagar da babban yatsa, tsuntsun ya ci gaba daga ciki. Na goma, Fasto ya cire tabarau yana share hawaye. Ban taɓa sanin sha biyu tana da nisa haka ba. Na yi addu'ar a ɗauke wuta, na yi addu'ar ƙasa ta tsage, har na yi tunanin in sunkuya in rarrafa ta ƙarƙashin benci kamar tunkiya.

Duk wannan Gwaggo ba ta juyo ba. Ƙeyarta kawai nake gani, a miƙe. Da ta juyo ta harare ni da na fi samun sauƙi.

Da tsuntsu ya koma ɗakinsa na ɗauka an gama. Sai Malama, mai son a bi komai a rubuce, ta tsinci yagaggiyar takardar, ta karɓi makirufo, ta ce akwai suna a jiki, kada kayan wani ya ɓata. Ta karanta sunan Baban Tagwaye. Ta karanta nawa. Ta karanta har da "da ƙauna mai yawa".

In kun kalli bidiyon, a nan ne hoton ya girgiza, sannan ya juyo a hankali ya tsaya a kaina, ya kuma matso da fuskata har ana ganin gumi a kan hancina. Mutumin da bai iya mayar da tsani ba ya iya wannan.

Bayan an tashi na je gaishe ta, tunda babu hanyar fita sai ta gabanta. Na durƙusa.

"Gwaggo, barka da Kirsimeti."

"Barka kadai, ɗana." Agogon yana kan cinyarta, tana shafa rufinsa. "Mai gyaran nan ya iya aiki. Ko tsaga babu."

Na ce e, Gwaggo.

Ta kira Lauya, da sunansa na gaskiya, ta riƙe hannunsa ta ce ya yafe mata, babba ma yana kuskure idan an ba shi labarin da ba haka ba. Tana maganar tana kallon saman kaina. Yaron ya ce ya yafe, da wata irin murya ta dattijo, sannan ya kalle ni yana jira. Na ba ɗan shekara shida haƙuri a gaban mutane, da tawul a kansa.

Washegari da kanta ta zo ta ga an rataye. Ta ce ba a falo ba, kada yara su sake bugawa da ƙwallo. A ɗakin kwananmu, sama can inda hannu ba ya kaiwa. Kujera ba ta isa ba, sai da na aika gidan Baban Tagwaye a aro min tsanina. Ya kawo da kansa, ya riƙe min ina hawa, yana bayani wai a ƙa'ida agogon nasa ne tunda sunansa ke jiki, amma ya bar wa Gwaggo saboda girmanta, ni kuma yana bin ni kyauta. Na ce in ya bi lissafin Habasha sai 7 ga Janairu suke Kirsimeti, ya jira. Ya ce ba gaggawa. Da zai tafi ya saɓa tsanin a kafaɗa ya fita da shi, ina kallo.

Lauya yanzu duk abin da aka ce ya yi sai ya tambaya ko akwai shaida. Jiya ya zubar da ruwa a gabana ya ce a kira Gwaggo.

Goma sha ɗaya saura minti biyu, bari in je in ja ƙofar ɗakin Auta.