Matafiyi mai barkwanci ba alƙalin jari-hujja da gurguzu ba ne

Akwai wani salon rubutu da Turawa ke ji da shi: marubuci ya saɓi jaka ya zaga ƙasashe, ya dawo yana ba mutane dariya da abin da jari-hujja da gurguzu suka yi wa jama'a. Yana da daɗin karatu, amma ban yarda a ba shi kujerar alƙali ba.

Wajen tona asirin laƙabin da ake liƙa wa ƙasashe kam, irin waɗannan marubuta sun iya. Suwidin da ake yi wa kallon ƙasar gurguzu ita ta haifi manyan kamfanoni irin su IKEA mai sayar da kayan ɗaki da Spotify mai manhajar sauraron waƙoƙi; haraji ne dai take tatsa, kashi 25 cikin ɗari a kan yawancin kayan saye. Hong Kong da 'yan jari-hujja ke yi wa kirari kuwa, kusan dukkan filayenta na gwamnati ne, haya take bayarwa. Sin na ɗaga jar tuta, amma tun da aka ware birnin Shenzhen a matsayin yankin kasuwanci na musamman a 1980 ciniki ake yi ba kama hannun yaro.

Matsalar ita ce baƙo abin da ke kan titi yake gani, kuma gurguzu a kan titi yake shanya tsiyarsa. A tsohuwar Jamus ta Gabas, zamanin gurguzu, mutum kan shekara fiye da goma yana jiran motar Trabant, har tsohuwa kan fi sabuwa tsada, don ita ba a bin layi. A Havana, babban birnin Cuba, ga motocin Amurka na shekarun 1950 ana lallaɓa su da ƙarafan aro, ga katin rabon abinci da ake amfani da shi tun 1962. Wa zai ga wannan bai dara ba, balle mai dala a aljihu da tikitin komawa gida?

Ba na wanke gurguzu, layin burodi ba ƙage ba ne. Amma ciwon jari-hujja a ɗaka yake kwana. Ba'amurken da ke jujjuya takardar bashin asibiti da tsakar dare ba ya fitowa a hoton ɗan yawon buɗe ido. Irin wannan ciwo sai ya fashe baƙo ke jin labarinsa, kamar a Albaniya a 1997, lokacin da kamfanonin damfara masu alkawarin riba ninki-ba-ninki suka lamushe ajiyar mutanen da ba su jima da fita daga gurguzu ba, har fusatattu suka fasa rumbunan makaman sojoji.