Mai Takalmin Landan da Bashin da Ya Bi Ruwa

A shekarar 1892 Aron Salomon, mai sana'ar takalma a unguwar Whitechapel ta Landan, ya mayar da kasuwancinsa kamfani. Dokar kamfanoni ta 1862 ta ce sai da mutum bakwai, sai ya cike gurbin da matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa da hannun jari ɗaya tak, shi kuwa 20,001. Ya sayar wa kamfanin masana'antarsa a kan kimanin fam 39,000, aka biya shi fam 10,000 daga ciki da takardar bashi mai jingina. Wato mai kamfani ya shige gaban layin masu bin kamfanin bashi.

Shekara na zagayowa kasuwa ta juya baya, kamfani ya durƙushe. Da aka sallami Edmund Broderip, wanda ya ba da rancen fam 5,000, ɗan abin da ya rage Salomon ya ce nasa ne. Waɗanda suka ba da kaya bashi ba jingina suka tashi a tutar babu.

Da aka je kotu, mai shari'a Vaughan Williams na Babbar Kotu ya ce kamfanin ɗan aiken Salomon ne kawai, don haka dole Salomon ya biya bashin daga aljihunsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mara wa mai shari'ar baya a 1895. Amma a Nuwamban 1896 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, baki ɗayansu, suka soke hukuncin: kamfani daban, mai shi daban, tunda an cika ƙa'idar rajista kuma babu zamba.

A ganina sun karanta doka daidai. Ba aikin alƙali ba ne ya ƙara sharaɗin da majalisa ba ta rubuta ba. Abin da ke damuna shi ne wanda asarar ke faɗa wa. Banki ba ya yarda da wannan katanga. Kafin ya ba ƙaramin kamfani rance sai mai shi ya tsaya da kansa ko ya ajiye takardar gida. Ƙaramin dillali ba shi da bakin neman haka.

Kotunan Najeriya na bin wannan hukunci har gobe, dokar kamfanoni ta 2020 ma ta halatta wa mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani. Ɗan Kantin Kwari zai loda atamfa bashi don ya san Alhaji, ya san gidansu, alhali sunan kamfani ke kan rasit. Ranar da aka karye, kamfanin zai kai ƙara, Alhaji kuma ya wuce shi a mota.