Ku ƙyale hannuwan T. rex su huta

Hoton nan da kuke ta yaɗawa tun jiya, na Tyrannosaurus rex (T. rex), ƙaton dainaso nan mai cin nama, wato ɗaya daga dabbobin dā da suka ɓace daga duniya, a gefe guda da kaza a ɗaya gefen, wanda aka zagaye guntayen hannuwansa da jan layi aka rubuta wai daga nan ne masana suka ce fiffike ya samo asali, ba hujja ba ne, kuma yawan masu dariya a ƙarƙashinsa ba zai mayar da shi hujja ba. Madalla da wanda ya haɗa shi, domin ya yi nasarar rushe maganar da babu wanda ya taɓa faɗa. Ba a sami wani masanin ƙasusuwan dabbobin dā da ya ce tsuntsaye daga T. rex suka fito ba. Kun kamo dabbar da ba ita ake magana a kai ba, kuka yi mata shari'a, kuka yanke hukunci, sannan kuka tafa wa kanku.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya kashe maganar. T. rex ya rayu a yammacin Amurka ta Arewa tsakanin shekaru miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce. Shi kuwa Archaeopteryx, ɗaya daga tsuntsayen farko, wanda aka tono daga duwatsun yankin Solnhofen na ƙasar Jamus a 1861, ya rayu kimanin shekaru miliyan 150 da suka wuce, girmansa bai wuce na hankaka ba, yana da fikafikai masu cikakken gashi, tare da haƙora da doguwar jela mai ƙashi da farata uku a kowane fiffike. Ke nan ya riga T. rex zuwa duniya da fiye da shekaru miliyan 80. To, a gaya mini yadda za a yi wanda ya zo daga baya ya zama kakan wanda ya riga shi. Abin da masana suke cewa shi ne dukansu biyu suna cikin babban rukunin dainaso masu tafiya da ƙafa biyu da ake kira Theropoda, amma reshensu ya rabu tun da daɗewa. Wanda ya ga kawunka gajere ya rantse cewa ba a taɓa haifar dogo a zuriyarku ba, bai san zuriyar ba, kawunka kawai ya gani.

Gaskiya ne T. rex yana da tsawon mita 12 ko kusa da haka, hannunsa kuma bai cika mita ɗaya ba, da yatsu biyu kacal. Carnotaurus na Ajantina ma ya fi shi gajartar hannu. Amma waɗannan dabbobi ne da suka bi hanyar girman jiki da girman kai, har muƙamuƙi ya karɓe aikin kama nama daga hannu. Reshen da ya kai ga tsuntsaye akasin wannan hanya ya bi, kuma a nan ne duk ma'anar take: jiki ya yi ta ƙanƙancewa. Binciken da Michael Lee da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna cewa wannan reshe ya shafe kimanin shekaru miliyan 50 yana raguwa ba tare da komawa baya ba, daga nauyin da ya kai kilo 163 zuwa ƙasa da kilo ɗaya a lokacin tsuntsayen farko.

Wannan ƙanƙancewar tana da alaƙa ta kai tsaye da tsawon hannu. A 2013 Alexander Dececchi da Hans Larsson na Jami'ar McGill da ke Kanada sun auna ƙasusuwan hannu da na ƙafa na dainaso masu yawa na wannan rukuni, suka gwada su da girman jikin kowace dabba. Abin da suka gano shi ne, a mafi yawan tarihin rukunin, tsawon hannu yana ɗaure ne da girman jiki, ta yadda manyan dabbobin suke da gajeren hannu idan aka gwada da jikinsu, ƙananan kuma suke da dogo. Saboda haka duk sa'ad da jikin ya ragu, sai hannun ya zama mai tsawo a ma'aunin jikin. Sai da aka zo kan tsuntsayen farko ne wannan ɗaurin ya kwance, hannu ya zarce abin da girman jiki ke bukata, ƙafa kuma ta gajarce. Wannan bayani ne mai mataki-mataki da aka gina a kan awon ƙashi, kuma shi ne ya kamata mai jayayya ya tunkara. Amma ina, zagaye hannun T. rex da jan layi ya fi sauƙi.

Na ga wasu suna cewa ai dogon hannu ba fiffike ba ne. Haka ne, kuma ba a ce shi kaɗai ba ne. A 1964 masani John Ostrom ya tono Deinonychus, wani dainaso na wannan rukuni, a jihar Montana ta Amurka, ya lura da wani ƙashi mai siffar rabin wata a wuyan hannunsa, irin wanda ke ba tsuntsu damar naɗe fiffikensa a jikinsa, abin da duk wanda ya taɓa fige kaza ya gani da idonsa. A 1996 aka bayyana Sinosauropteryx daga lardin Liaoning na ƙasar Sin, ƙaramin dainaso mai gajeren hannu da ba ya tashi sama, amma jikinsa lulluɓe da gashi. A 2007 aka ga guraben da manyan gashin fiffike ke kamawa a ƙashin hannun Velociraptor na Mongoliya, shi ma ba ya tashi. Gashin ya riga tashi sama samuwa, wuyan hannun ma ya riga shi, ƙashin ƙirjin nan mai rassa biyu da kuke samu a naman kaza ma ya riga shi, har T. rex ɗin da kuke yi wa ba'a yana da shi. Amsar da wasunku suka bayar ga duk wannan ita ce wai Turawa ne suka sassaƙa ƙasusuwan. To, Allah ya kyauta.

Masu jawo batun zuwa aƙida kuwa, na bar wannan ga malamai, domin ba fagena ba ne. Abin da nake roƙo bai wuce adalci ba. Kana da 'yancin ƙin yarda da magana, amma ka ƙi ta kamar yadda masu ita suka faɗe ta, kada ka ƙirƙiro wata mai rauni ka jingina musu. Abin da ke ba ni takaici da gaske shi ne ɗalibanmu na sakandare da na jami'a suna ganin irin wannan hoto, suna ɗauka cewa ilimin da aka shafe fiye da shekaru 150 ana tarawa, tun daga lokacin da Thomas Huxley ya gwada ƙasusuwan tsuntsaye da na ƙaramin dainaso Compsognathus a wajajen 1868, za a iya watsar da shi da hoto ɗaya.

Kuma tunda hannuwa kuke son gani, ba sai kun je Amurka ba. A 1997 ayarin Paul Sereno ya tono Suchomimus a yankin Gadufawa cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, dabba mai tsawon kusan mita 11, mai dogon baki irin na kada, da ƙarfafan hannuwa masu yatsu uku da wani ƙaton farce mai lanƙwasa a babban yatsa, wadda ake ganin kifi take kamawa a zamanin da wurin yake cike da koguna. Shi ma ba kakan tsuntsaye ba ne, kada gobe wani ya haɗa hotonsa da na zabuwa. A wannan yankin aka samo wasu dainaso, Nigersaurus da Ouranosaurus, daga wajajen Ingal kuma aka samo Jobaria da Afrovenator, amma kusan duk wanda na tambaya a cikin masu yaɗa hoton T. rex bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali daga Agadas ake tashi a je wurin.