Waƙafi ba aya ba ne, ku daina ɗaure mutane da bakinku

Tun jiya nake danne zuciyata amma abin ya ƙi dannuwa. Yaron nan da ake ta yaɗa bidiyonsa a Facebook ana tisa ƙeyarsa cikin mota, kotu fa cewa ta yi a ajiye shi zuwa ranar da za a dawo a saurari batun belinsa, iyakar abin da ya faru kenan. Amma kafin la'asar kun gama shari'ar gaba ɗaya, har wani babba da furfurarsa ya rubuta wai "Alhamdulillah an ɗaure shi" mutane suna ta yaɗawa. An ɗaure shi? Wane alƙalin ne ya ɗaure shi? Sannunku alƙalan Facebook, Allah ya ƙara basira, ko shaida ɗaya ba a kira ba kun riga kun rufe fayil kun kaɗe riga.

Tsarewa daban, ɗauri daban. Wanda aka tsare ana zarginsa ne, ana bincike ko ana jiran shari'a, ƙila gobe a ce masa tashi ka tafi gida ba ka da laifi. Wanda aka ɗaure kuwa an gurfanar da shi, an kawo shaidu, ya kare kansa, alƙali ya ce ya same shi da laifi sannan ya yanka masa wa'adi, wata shida ne ko shekara goma ko rai da rai. Wannan na biyun shi ne ya ci sunan ɗaurarre. Na farkon bai ci ba, ko da kuwa tabarmarsu ɗaya suke kwana.

Abin da ya fi ba ni haushi, harshenmu ya riga ya raba mana gardamar tun kafin a haife mu, mu ne dai muka yi watsi da shi. Ina wanda bai taɓa jin gidan waƙafi ba? Ku tuna aji uku na firamare da malamin Hausa yana rubutu a allo, in ya zo tsakiyar jimla ya ɗiga waƙafi ya ce a ɗan tsaya a ja numfashi, magana ba ta ƙare ba, sai an kai aya sannan ta ƙare. To kalmar nan guda ce. Zaman waƙafi zaman ɗan dakatawa ne, maganar mutum tana tsakiya, ba a kai ƙarshenta ba. Wanda ya fara kiran wurin da wannan suna wallahi ya fi yawancinmu fahimtar shari'a, mu da muke yawo da digiri da babbar waya. Ku kuma kun zo kun goge waƙafin kun buga aya, kun ma ƙara da alamar motsin rai guda uku.

Sauran kalmomin ma kowacce da inda ta dosa. Gidan yari ya samo suna daga Yari, mai sarautar kula da waɗanda aka ɗaure. Fursuna aro ne daga Turanci, kaso kuma daga Faransanci, shi ya sa za ka fi jin gidan kaso a bakin mutanen Nijar. Bayan kanta na caji ofis ne, wurin da bai kamata mutum ya wuce kwana ɗaya ko biyu ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ɗaurin talala daga dabba aka ɗauko shi, a sa mata doguwar igiya tana kiwo tana kai-komo tana ganin kamar a sake take, sai ta zo ƙarshen igiyar ta ji an fizgo ta. Irinsa sojojin Myanmar suka yi wa 'yar siyasar ƙasar, Aung San Suu Kyi, kusan shekara 15 a cikin gidanta tsakanin 1989 da 2010, ba ƙarfe a ƙafa ba ankwa a hannu amma ƙofa ta fi ƙarfinta. Duk wannan dukiya muna da ita, amma ku kalma ɗaya tak kuka riƙe, an ɗaure shi. Ɗan sanda ya kama mutum an ɗaure shi, an gayyace shi amsa tambayoyi an ɗaure shi, an hana shi beli an ɗaure shi. Haba jama'a.

Na san me za ku ce, na ma gani a kwamen ɗin wani. Wai ruwa ba ya tsami banza, in bai yi komai ba me ya kai shi can. Madalla. Sai ku je ku faɗa wa Annabi Yusuf alaihissalam haka, shi da ya shafe shekaru a kurkuku a Masar bayan an ga rigarsa ta baya aka yage ta, wato hujja ta riga ta wanke shi amma duk da haka aka kulle shi. Ku kuma kuna karanta surar kuna hawaye, kuna rufe Alƙur'ani sai ku dawo waya kuna ruwa ba ya tsami banza. Ruwa yana tsami in wani ya zuba masa tsamiya da gangan, wannan ma har sai an faɗa?

Wani kuma ya ce ai duk wasa da kalmomi ne, tunda ɗaki ɗaya ake zuba su, sauro ɗaya ke cizonsu. Eh ɗaki ɗaya ake zuba su a wurare da yawa, kuma wannan ɗin shi ne abin kunyar, ba hujjarka ba ce. Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, shi da ya yi shekara 27 a ɗaure, sun ce a raba masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci, a bar su su sa kayansu na gida, kada kuma a tilasta musu aiki. Me ya sa? Saboda ba masu laifi ba ne a idon doka. Tun 1948 sashe na 11 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya maimaita a sashe na 36. In hukuma ta kasa raba su a ɗaki, kai me ya hana ka raba su a bakinka? Naka ai ko sisi ba za ka kashe ba.

Masu cewa ni lauyansa ne kuwa ba ni da lokacinku. Ban san yaron ba, ban ce bai yi ba, ban ce ya yi ba, wanda aikinsa ne ya faɗa bai faɗa ba tukuna.

Bari in gaya muku abin da ya sa nake zafi haka, don ba a littafi na karanto ba. Ɗan yayar mahaifiyata aka kama shekarun baya, kaya suka ɓace a wurin aikinsu aka kwashe duk wanda ya yi aiki ranar. Wata goma sha huɗu ya yi a ciki. Yau a ce alƙali ya tafi taro, gobe mai gabatar da ƙara bai zo ba, jibi babu motar da za ta kawo su kotu, wata rana fayil ɗin ne ma aka nema aka rasa. Ni nake raka Inna ziyara. Ina tuna yadda take gyara mayafi a bakin ƙofa kafin a shigar da mu, ta goge fuska ta ce min "kar ka bari ya ga na yi kuka", shi kuma ya fito yana murmushin ƙarya yana cewa "Inna lafiya lau nake, kwana nawa ne", alhali wuyansa ya zama kamar na mariƙin lema, ƙuraje sun cika masa hannu. Ranar da aka sallame shi ko minti goma ba a yi ba, aka ce babu hujja, ya tafi. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri.

Kun san me ya biyo baya? Ya fito daga hannun hukuma ya faɗa hannun mutane. Bayan shekara biyu ya je neman aure, magana ta yi nisa, sai kawun yarinyar ya aiko wai sun yi bincike an ce musu tsohon fursuna ne. Babanmu ya ɗauki takardar kotun da kansa ya je, ya ce Alhaji duba nan, ba a taɓa ɗaure yaron nan ba, tsare shi aka yi kuma kotu ta sallame shi. Mutumin ko karɓar takardar bai yi ba, ya ce "to Malam ai dai ya kwana a can." Ya kwana a can. Shikenan aure ya mutu. Har yau in ya ji an ce gidan maza ana dariya sai ya tashi ya bar wurin. Kotu ta ba shi waƙafi, mutane suka buga masa aya, kuma irin mutanen nan ne jiya na ga suna rubuta Alhamdulillah.

Kuma kada wani ya ɗauka labarin mutum ɗaya ne. A Najeriya mafi yawan waɗanda ke cikin gidajen nan, wajen biyu cikin uku, ba a yanke musu hukuncin komai ba, jira kawai suke. Wato in ka tsaya a ƙofa ka nuna ginin ka ce gidan masu laifi, ka yi wa mafi yawan mutanen ciki ƙazafi. Wasu sun zauna fiye da wa'adin da za a ba su da a ce an same su da laifin ma. Ku dubi kurkukun Guantanamo da Amurka ta buɗe a 2002, ɗaruruwan mutane suka ratsa shi, mafi yawansu ba a taɓa tuhumarsu gaban kotu ba, wannan kam kowa ya yarda zalunci ne tunda nesa ne, amma na kusa da kai sai ka ce ruwa ba ya tsami banza.

Sai kuma wannan sabon suna da ake ta yayi, gidan gyaran hali, tun da aka sa hannu a dokar 2019 aka canza wa hukumar gidajen yari ta Najeriya suna. Ni ban ƙi ba, suna mai kyau ne, Allah ya sa a kai ga aikin. Amma ku ji yadda ake karanta labarai, wai "kotu ta aika da wanda ake zargi gidan gyaran hali". Wane halin za a gyara tunda ba a tabbatar ya ɓaci ba? Kun ga ko sunan ladabin ma ya riga alƙali yanke hukunci.

Af, na tuna, shi babban da ya rubuta Alhamdulillah ɗin, ba shi ne watannin baya ya ɓace kwana talatin ya dawo yana kuka wai Facebook sun ɗaure shi ba tare da sun ji ta bakinsa ba? Har da dogon rubutu kan zalunci da rashin adalcin Yahudu da Nasara, muna ta ba shi baki.