Masu Awo da Mudu Biyu

'Yan uwana matasa, ina da wani aboki da muka taso tare, mutum mai ibada da son karatu. Wata rana ya zaunar da ni, fuskarsa cike da murna, yana ba ni labarin cewa Neil Armstrong, Ba'amurken nan da ya fara taka duniyar wata a 1969, ya ji kiran salla a can sama, kuma da ya dawo ya sake jin irin sautin a wata ƙasar Musulmi sai ya karɓi kalmar shahada. Ba a rufa wata biyu ba muka sake haɗuwa, hira ta kai mu kan Amurka, sai ya ce da ni ai batun zuwa duniyar watan nan ƙanzon kurege ne, a ɗakin shirya fim aka ɗauki hotunan. Na ce masa, "Malam, to kiran sallar fa, a ina mutumin ya ji shi?" Ya yi shiru yana jujjuya wayarsa a hannu.

Ban tambaye shi don in kunyata shi ba, shi ma bai ɗauke ta haka ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum mai hankali kamarsa ya daɗe yana riƙe da maganganu biyu da ba sa zama a tabarma ɗaya, bai kuma taɓa lura ba. Ta farko ta yi masa daɗi domin yana ganin ta ɗaukaka addininsa. Ta biyu ta yi masa daɗi domin ta zubar da ƙimar ƙasar da yake jin haushi. Ko ɗaya bai tambayi asalinta ba. Armstrong bai musulunta ba, an musanta labarin tun yana raye, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aike wa ofisoshin jakadancinta bayani a kai a 1983. Duniyar wata kuma ba ta da iskar da za ta ɗauki sauti. Musulunci bai ragu da ko ƙwayar zarra ba don wannan labari ya zama ƙarya.

Allah Ya yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba, waɗanda idan za su karɓa sai an cika musu, idan za su bayar sai su rage. A kan ciniki ayoyin suke magana, ba tafsiri nake yi ba, amma halin ɗaya ne da wanda muke yi wa hujja. Idan labari ya zo daidai da abin da muke so, ɗan ƙaramin mudu muke ɗaukowa, saƙon murya ɗaya daga wanda ba mu san ko sunansa ba ya cika shi fal. Idan kuwa labarin ya taɓa malaminmu ko jam'iyyarmu, sai mu jawo ƙaton mudun da babu hujjar da za ta taɓa cika shi: a kawo takarda mu ce jabu ce, a kawo bidiyo mu ce haɗa shi aka yi, a kawo shaidu mu ce an saye su.

Ku dubi abin da ya faru ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira. A ranar aka yi kusufin rana, mutane suka ce ai saboda mutuwar Ibrahim ne. Ku yi tunanin halin da ake ciki. Uba ne da ya rasa ɗansa ƙarami, zuciyarsa na ƙuna. Maganar da mutane ke yi kuma ƙarin daraja ce a gare shi, za ta iya sa wasu masu shakka su miƙa wuya. Da ya yi shiru kawai, da ta zauna a zukata har abada. Amma sai ya miƙe ya gaya musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya rushe hujjar da take goyon bayansa saboda ba gaskiya ba ce. Duk lokacin da na ga ɗan uwa yana kare wani labarin ƙarya da cewa ai yana ƙara wa mutane imani, wannan rana nake tunawa, kuma raina yana ɓaci, domin yana ba addini irin taimakon da mai addinin da kansa ya ƙi karɓa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a kan wannan tun tuni. Ya ce wanda ya musanta lissafin masana taurari game da kusufi da sunan kare addini, cutar da addinin yake yi, domin duk wanda ya san lissafin kuma ya ga ya tabbata, idan aka ce masa addini ya saɓa da shi, addinin zai yi wa shakka. Mu duba yawan samarin da suka shiga jami'a suka gano cewa wasu "mu'ujizozin" da aka cika musu kunne da su shaci-faɗi ne, daga nan suka fara zargin har abin da yake ingantacce.

A labarin kusufin nan akwai wani kuskuren da har gobe muke yi, wato idan abu biyu suka faru a lokaci ɗaya sai mu ce ɗaya ne ya jawo ɗayan. A 2020 cutar korona ta ɓarke a daidai lokacin da wasu ƙasashe ke kafa sadarwar 5G, sai faɗuwa ta zo daidai da zama. A watan Afrilun shekarar aka cinna wa turakun sadarwa da dama wuta a Birtaniya, aka riƙa tsangwamar ma'aikatan da ke gyara su. Alhali ƙwayar cuta abu ce mai jiki, daga numfashin wani take shiga na wani, ba ta hawa igiyar rediyo. Iran na cikin ƙasashen da cutar ta fara yi wa mummunar ɓarna, kuma a lokacin 5G bai shiga hannun jama'arta ba. Tambaya ɗaya ta isa ta warware zancen: shin akwai inda aka samu cutar babu turakun? Amma wanda ya riga ya so labarin ba ya yin wannan tambaya.

Kada masu tinƙaho da boko su ɗauka na tsallake su. Akwai matashin da "kimiyya ta ce" ta zame masa abin rufe bakin mutane, bai san wane bincike ba ne, bai san mutum nawa aka gwada ba, bai san ko wasu sun maimaita gwajin sun samu abin da aka samu ba. Taƙalidin da yake zargin wasu da shi ne yake yi, malamin kawai ya canza. Masana suna kuskure, wani lokacin ma har da girman kai. A 1847 wani likita ɗan Hungary mai suna Ignaz Semmelweis, a babban asibitin Vienna, ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a sashen da likitoci da ɗalibai ke karɓar haihuwa fiye da sashen ungozomomi. Likitocin daga ɗakin binciken gawa suke fitowa su taɓa mata. Ya sa dokar wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin, mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa wajen 2 cikin 100 cikin 'yan watanni. Duk da haka manyan likitoci da yawa suka yi watsi da shi, ya mutu a 1865 ba a karɓi maganarsa yadda ya kamata ba.

Sai dai ku lura da abin da ya sa daga baya aka gane shi ne mai gaskiya: ƙidayar gawawwaki ce, wadda kowa zai iya zuwa ya sake ƙirgawa. Haka likita Barry Marshall na Ostireliya, da aka ƙi yarda cewa ƙwayar bakteriya ce ke jawo yawancin gyambon ciki, a 1984 ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, cikinsa ya kamu, wasu suka bi sawu da gwaje-gwaje suka tabbatar, a 2005 shi da abokin bincikensa Robin Warren suka karɓi kyautar Nobel. Saboda haka wanda ya zo muku da maganin da yake warkar da cuta arba'in, yana cewa likitoci na yaƙarsa kamar yadda aka yaƙi na baya, ku ce ya kawo ƙidayarsa: mutum nawa suka sha, nawa suka warke, nawa suka mutu, kuma waɗanda ba su sha ba yaya suka ƙare. Waɗanda suka warke kaɗai ake ji suna ba da shaida, wanda maganin bai yi wa aiki ba yana kabari.

Na san zargin da ke zukatanmu ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba zan raina shi ba. A watan Fabrairun 2003 Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi, aka mamaye ƙasar, aka rasa rayuka masu ɗimbin yawa, makaman kuwa ba a same su ba. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta a garin Abbottabad na Pakistan don farautar Usama bin Laden, kuma a shekarun da suka biyo baya an kashe ma'aikatan rigakafin shan inna da yawa a ƙasar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma sarar jiya ba ta mayar da tsumma maciji. Ƙaryar da aka yi a kan Iraƙi dalili ce ta a binciki kowace magana da kyau, ba ta isa ta tabbatar da cewa kowace allura makirci ce ba. Da allurar rigakafi aka kawar da cutar agana daga doron ƙasa, aka sanar da hakan a 1980, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin mai ita ba. Duk waɗannan sun faru, dole mai adalci ya riƙe su gaba ɗaya.

A siyasa kuwa mudun biyu a fili yake. Ka ce wa mutum gwaninsa ya ci amanar dukiyar jama'a, amsarsa ita ce naku ma ya ci. Satar wancan ba ta mayar da kuɗin da wannan ya kwashe ba, ɓarayi ne suka zama biyu. So hana ganin laifi, in ji masu iya magana, ƙi kuma yana hana ganin alheri, shi ya sa Alƙur'ani ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Gwajin da nake yi wa kaina shi ne in cire sunan in sa na wanda ba na so, in ga ko hukuncina zai tsaya inda yake.

Da can muna cewa gani ya kori ji. Yau ganin ma sai an bincika. A watan Maris na 2022 an yaɗa bidiyon shugaban Ukraine, Zelensky, yana umartar sojojinsa su ajiye makamai, alhali fuskarsa da muryarsa aka haɗa da kwamfuta. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT, manhajar kwamfuta mai amsa tambayoyi, ya ƙirƙiro musu, ba a taɓa yin su ba. Manhajar tana jera kalmomin da suka fi dacewa da juna ne, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. Idan lauyoyi sun faɗa wannan rami, ina ga matashin da ke tambayarta hadisi ya kwafa ya watsa ba tare da ya buɗe littafi ba? Mu ne fa magadan mutanen da suka yi tafiyar watanni don su tantance ruwaya ɗaya. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin mutanen da ruwaya ta biyo ta hannunsu, yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma ya tabbata a hadisi cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Ni ma na faɗa ciki. Wani dare aka turo mini hoton yara kwance cikin ɓaraguzan gini, an rubuta cewa harin da aka kai wa wasu bayin Allah ne a ranar. Zuciyata ta karye, na tura shi cikin zauren WhatsApp na danginmu ban ko tsaya ba. Da safe ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, ka bincika hoton nan kuwa?" Ta sa shi a Google Lens, manhajar da ke gano asalin hoto, sai ga shi ya fito a shafukan labarai na shekarun baya, daga wata ƙasa dabam, kuma girgizar ƙasa ce ta rushe ginin. Na goge shi, na rubuta cewa na yi kuskure, na roƙi duk wanda ya tura gaba ya sanar da waɗanda ya tura wa.

Wani kawunmu ya amsa da cewa, "Ɗana, ko da hoton ba nasu ba ne, ai ana yi musu haka." Na ce masa, "Kawu, gaskiya ne ana yi musu, shi ya sa ma nake jin tsoro. Ranar da aka gano wannan hoton na bogi ne, azzalumin zai ɗaga shi ya nuna wa duniya ya ce duk sauran ma haka suke, har da na gaskiyan da wani ya sa ransa cikin haɗari ya ɗauka." Kawu bai ƙara cewa komai ba. Cikin duk waɗanda suka ga hoton a daren, mutum biyu ne suka dawo suka ce sun isar da gyaran, kuma bayan kwana uku wani abokin aikina ya sake turo mini shi, da rubutun nan na farko a ƙarƙashinsa.